Amshin da Ban Yi Ba

Shekara uku ina rubuta wani shiri na mako-mako a gidan rediyon da nake aiki a Washington, kan rayuwar makaɗan Turai na da, masu tsara kiɗa a takarda. Na san su ciki da bai: wanda tarin fuka ya kashe, wanda sarki ya kora daga fada. Abokan aiki har tsiya suke mini, wai na zama maroƙin matattun Turawa. Ina dariya, amma maganar tana sukata, don ba wanda ya san ubana makaɗin noma ne. In an tambaye ni sai in ce manomi ne, in ja bakina.

Baba ba ya fashin sauraro. Ranar da na ba da labarin wani Bajamushe da ya kurumce bai daina tsara kiɗa ba, sai ya sa ƙanwata ta kira ni ta miƙa masa wayar.

"Wannan kurman naka, su wa ke masa amshi?"

"Baba, ba shi da 'yan amshi. A takarda ya rubuta, har yau ana kaɗawa."

"Ikon Allah! To ni nawa fa? 'Yan amshina duk sun riga mu gidan gaskiya, saura kai."

Haka ne kuwa. Kafin in tafi sakandare ina cikin masu karɓa masa waƙa a gonakin gayya. Na ce in na zo gida za mu zauna in rubuta komai. Kullum maganata ke nan, in na zo.

Wata safiya na hau jirgin ƙasa daga Springfield zan tafi aiki, kusa da ni wani likita ɗan babban gida, wanda muke Juma'a masallaci ɗaya. Sai ga kiran Baba. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ɗauko waƙa, da muryar nan tasa da aka saba ji daga gona uku. Tana fitowa ta wayar, likita yana ji. Ya kai ƙarshen baiti ya tsaya, ya bar mini gurbina. Amshin yana bakina, wallahi har leɓena ya motsa. Na dubi likita, na haɗiye.

Ya yi baiti na biyu, ya sake tsayawa. Shiru. Can sai ya ce, "To, da alama layin ba kyau. Allah ya yi maka albarka." Jirgin ko ƙarƙashin ƙasa bai shiga ba, layi lafiya lau, kuma ya sani. Rufa mini asiri ya yi. Ni da na cika rediyo da yabon kurman Jamus, kunyar sana'ar ubana ta hana ni buɗe baki. Tir da ni!

A daminar shekarar ya rasu, ban je ba. Bayan addu'ar arba'in ƙanwata ta turo mini waƙoƙi huɗu da ya sa ta ɗauka a waya. Ba ganga, muryarsa kawai, kuma bayan kowane baiti sai ya yi shiru daidai tsawon amshi.

Na kunna a mota ina kai 'yata makaranta. Tana koyon gogen Turawa, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Ta ce, "Daddy, me ya sa yake ta tsayawa?"

"Ni yake jira," na ce.

Tun daga ranar nake karɓa masa, da ƙarfi, gilas a sauke, kowa ya ji. Uku na iya su har yau. Ta huɗun kuwa amshinta ya ɓace mini, na tambaya a ƙauye ba mai tunawa. In waƙar ta zo sai ya yi baitinsa ya tsaya, ni ma in tsaya, ina riƙe da sitiyari, har ya gaji da jira ya ci gaba.