Awon Inna

Ƙwal, sai kuma ɗan kaɗawa kafin ya tsaya. Ƙarar zobe ce da ya faɗa cikin kwanon silba. A Kano ya faɗi, a tsakar gidanmu, ni kuwa ina tsaye a kicin ɗinmu na unguwar Taman Melati, can ƙasar Malay, ina yanka albasa, wayata na jingine a jikin gwangwanin madara. Mu nan la'asar ta yi, su can hantsi ne, Inna ta gama karin kumallo tana wanke hannu.

Na ce, "Inna, mene ne ya faɗi?"

Ta ce, "Zoben nan ne. Kwanan nan ya koyi yawo." Ta yi dariya, ta shiga tambayata ko ruwan sama ya bar mu mun yi shanya.

Na amsa mata, amma wuƙar ta tsaya a hannuna. Zoben azurfa ne da marigayi Babanmu ya kawo mata daga Makka, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin sa a waje da yatsarta ba. Ya nutse cikin nama har ya yi wa kansa gurbi. Muna yara mun sha taruwa a kansa da sabulu, wai sai mun cire, tana miƙo mana hannun tana cewa duk wadda ta fitar nata ne. Ba wadda ta taɓa ci. Yau ga shi ruwan wanke hannu kawai ya zare shi.

A lokacin annoba ta rufe ƙasashe. Maigidana yana karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, mun daɗe muna shirin zuwa gida hutu, sai aka dakatar da jirage. Da muka baro Kano 'yata ba ta gama iya magana ba, a bayan Inna ta yi barcinta na ƙarshe kafin mu tafi filin jirgi. Yanzu ta isa karatun firamare, tana yin sa ta kwamfuta a falo, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, ta liƙa masa "lah" a ƙarshe irin na yaran unguwa. Sunan Inna ta ci, don haka Inna ba ta kiran ta da komai sai takwara.

Kusan kullum muna ganin juna a waya, amma me waya take nunawa? Inna ba ta zama gaban kyamara sai da hijabinta har ƙasa. Fuska kaɗai nake gani, ita ma rabi, don ba ta iya riƙe wayar daidai ba, wani lokaci goshinta da silin ɗaki nake gaisarwa. Da na matsa wa ƙanwata da ke zaune da ita, sai ta ce zazzaɓi ne ta yi kwanaki, ya wuce, alhamdu lillahi. Na ce sai me kuma? Sai ta ce, "Sanyi take ji, Yaya. Ko da rana tsaka sai ta lulluɓa. Ta ce kar a faɗa miki."

Ba a daɗe ba maƙwabciyata ta hawo benenmu da albishir. 'Yar Katsina ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya kammala karatu, sun samu kujerun komawa gida a ɗaya daga cikin 'yan jiragen da aka bari suna tashi. Daga bakin ƙofa ta tsaya, takunkumi a fuska, ta ce ta ware mini ɗan lungu a akwatinta.

"Amma wallahi abu marar nauyi. Kar ki kawo mini tukunyar shinkafa mai lantarki irin ta matar can ta ƙasa."

Na gaya mata zancen sanyin Inna. Ta ce ai an gama, sabon shagon nan na 'yan Japan zai buɗe a babban kantin unguwar Setapak, suna da rigunan sanyi masu maɓalli da in ka ɗaga sai ka rantse ba komai a hannunka.

Na san wurin. Watanni ina wuce shi in na je cefane, an kewaye shi da katako mai hotunan samari da 'yan mata cikin faffaɗan wando da riga mai hula. A watannin nan ne mai ɗinkin labule na kusa da shi ya kwashe kayansa, shagon mamak, ɗan gidan abincin da muke sayen gurasar roti a ƙasan gidanmu, shi ma ya sauke ƙofa bai ƙara ɗagawa ba. Nakan ce a raina, ikon Allah, kowa na rufewa waɗannan suna buɗewa, wa zai sayi kayan fita alhali ba mai fita? Da na faɗa wa Yaya haka, ta ce, "Ke dai ba ki san su ba. Kayan zaman gida za su sayar mana, mu saka mu zauna."

Da safen Kano na kira Inna, na ce a sa tef a auna mini kafaɗarta da ƙirjinta.

Ta ce, "Awo kuma? Ni da ko tela sai dai in ba shi tsohuwar rigata? Ki bar wahalar da kanki. Ke dai in an buɗe hanya ki kawo mini takwarata, in ga ko ta kai ni kyau."

Na koma wajen ƙanwata. Ta ce ta gwada, tana fito da tef ɗin Inna ta haɗe rai ta shige ɗaki.

Sai a ranar na lura da wani abu da ban taɓa tsayawa na duba ba. Duk tsawon rayuwata ban taɓa saya wa Inna ɗinkakken kaya ba. Turmin atamfa ake kai wa uwa, ko leshi, ko mayafi. Atamfa ba ta tambayar ka jikin mai ita. In ta yi ƙiba zani ya zagaye ta, in ta rame ta ƙara ja ta soke. Kana iya yin shekaru a wata ƙasa kana aike, ba ranar da wani zai tsayar da kai ya ce faɗi yadda mahaifiyarka take yanzu.

Ranar buɗewar muka tafi mu uku, ni da Yaya da 'yata, don lokacin an sassauta har ana barin yara su shiga. Layi ya miƙe har gaban matakala mai tafiya, kowa a kan tambarin da aka manna a ƙasa. Yawanci ɗaliban jami'a ne, sai 'yan matan Malay masu ɗankwali kala-kala, da wani dattijo Basine riƙe da jakar matarsa. Aka nuna mana na'urar auna zafi a goshi, muka haska waya a jikin allon shiga, aka fesa mana man hannu. Ma'aikatan ƙofa suna ta maraba da murya ɗaya, suna ɗan rusunawa.

Ciki fari tas, ga sanyi, ga ƙanshin sabon kaya. An ninke riguna an jera su launi bayan launi har kusa da silin, ba wadda ta leƙo ta fi 'yar'uwarta. Duk wadda mai saye ya warware, kafin ya juya wata yarinya ta zo ta mayar da ita yadda take. Ɗakunan gwaji an ɗaure su da igiya saboda cutar, sai dai ka kara riga a jikinka gaban madubi.

Yaya ta kara wata a ƙirjinta ta fashe da dariya. "Jama'a! Ni da a Katsina ake ce mini sanda, nan sai na je can ƙarshen layi wajen masu X. Mutanen nan me suke ci ne?"

Muka sami rigunan sanyin a can ciki. Na ga wata ruwan ƙasa-ƙasa, kalar da Inna take so don ba ta nuna datti. Laushinta kamar audugar da aka gama shiɓa. Na ɗauki mai L na buɗe ta, sai ga kafaɗun Inna kamar yadda na bar su, waɗanda take ɗora tulin wanki a kai ta wuce ba ta ko karkata. Ina riƙe da ita na ɗauki mai S. Wannan ko ƙanwata da ƙyar za ta shiga. Na tsaya da ɗaya a kowane hannu.

Wata ma'aikaciya ta matso, yarinya ce ƙarama, idanunta kaɗai ake gani. Ta ce, "Kak, ta wa?" Haka suke kiran babbar 'yar'uwa. Na haɗa ɗan Malay ɗin da na tsinta a kasuwa na ce ta mahaifiyata ce. Sai ta ware hannuwanta ta nuna ni, ta ɗan matse su, ta sake warewa, tana tambaya da ido: kamar ke, ko ƙasa da ke, ko ta fi ki?

Matar da ta goye ni, wadda na sha cuɗa wa baya in ta dawo daga unguwa a gajiye, wai yau a tambaye ni faɗinta in rasa amsa. Yarinyar ta ce ba komai, in bai yi ba a dawo da shi a canja. Yaya ta ce mata da Turanci inda rigar za ta je, ba a dawowa da kaya. Ta rusuna ta ba mu wuri.

Yaya ta rage murya. "Ɗauki ƙaramar. Kin san dai abin da ƙanwarki ta faɗa."

"In na aika ƙaramar, za ta gane na sani. Duk ɓoyon da take yi don hankalina ya kwanta ya tashi a banza."

"To ɗauki babbar."

"In ta saka ta ga tana iyo a ciki fa? Ni ce zan nuna mata abin da ya tafi."

"To ta tsakiya."

Na duba ta tsakiyar. Ba ta kowa ba ce, ba Innar da na bari ba, ba kuma wadda ake ɓoye mini ba. Na fara karanta hasbunallahu a zuci, takunkumina ya jiƙe ta ciki, na gode wa Allah da ba mai ganin bakina. Mutane suna ta wucewa da kwanduna, ana ta sanarwar rangwame a lasifika. Abin da nake so a lokacin bai wuce in tsaya bayan Inna in ɗora tafin hannuna a kafaɗarta ba, ko sau ɗaya, in ji da kaina.

Babbar muka kai wajen biya a ƙarshe, kuma ba ni na zaɓa ba. Ina tsaye a haka 'yata ta janye ta daga hannuna ta zura. Ta sauko mata har ƙasan gwiwa, hannuwan suna reto kamar ba mutum a ciki. Ta je gaban madubi ta juya, ta kama gefe ɗaya na rigar ta buɗe shi, ta tsaya tana kallon wurin da ya rage. Sannan ta dawo ta ja mini hijabi, ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe, wadda ba kasafai take fito da ita ba in ba da Inna take waya ba.

"Mama, ki sayi babbar lah. In ta yi wa Inna yawa, in mun je ni zan shiga sauran."