Igiyar da Inna Ke Tashi da Ita

In ka shigo gidana a Gusau, abin da za ka fara cin karo da shi igiyar shanya ce, kuma in kana da tsawo sai ka sunkuya. Tsohuwar igiyar rama ce, ta yi baƙi, da wani ƙulli a tsakiyarta wanda ya ƙi kwancewa. Maigidana ya sha sayo ta roba mai kala daga kasuwa, ni kuma na sha ba maƙwabta. Duk sanda iska ta ja ta, ƙarfen tagar da aka ɗaure ta ya yi ƙara, sai in ji ni a ɗakin Inna, can ƙauyenmu na hayin gulbi ta wajen Bungudu, ina yarinyar da ba ta fara azumi ba.

A daminar waccan shekara Inna na da tsohon ciki. Baba ya tara itacen jego a bayan rumbu ya lulluɓe da zana saboda ruwa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta tanadi gero da kanwa na kunu. A garinmu iyakar shirin haihuwa ke nan. Naƙuda ta zo da hantsi, aka kira ungozoma, aka kora mu gidan maƙwabta. Muka kwana muka tashi, babu kukan jariri. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi turare, Kaka na ta cewa haihuwa yaƙin mata ce, a ƙara haƙuri. Sai da aka sake kwana, Inna ta daina ko nishi, sannan aka ɗora ta a amalanken shanu. Gulbi ya kawo, dole aka jira kwalekwale, da aka kai titi kuma aka jira mota. Lokacin da ake fita da ita tafin ƙafarta kawai na hango, fari fat.

A Gusau aka yi mata aiki. Ɗa namiji ne, bai zo da rai ba. Ita ba ta ma sani ba, don barci aka sa ta gaba ɗaya, sai da ta farka ta laluba gefenta ta ji wayam. An yi mata ƙarin jini, zazzaɓi ya riƙe ta a asibiti, ba ta dawo gida ba sai da gero ya fara fidda kai.

Wadda aka dawo mana da ita kamar ba Inna ba. Ɗinkin a tsaye yake, tun daga cibiya har mara, kuma bai daɗe ba ya fara ruwa, sai an riƙa kai ta Bungudu ana wankewa. Likita ya hana wankan jego, wato ruwan nan tafasasshe da ake fyaɗa wa mace a jiki da ganyen darbejiya. Kaka ta yi faɗa, ta ce macen da ta haihu ba a gasa ta ba ɗanya ce. Ranar da ta ga ciwon da idonta ta kama bakinta, ba ta sake tada maganar ba. Itacen nan tuwo muka dafa da shi har ya ƙare. Ruwan nono ya zo, babu mai sha, sai da aka ɗaure mata ƙirji da zane.

Tashi daga kwance shi ya fi komai wuya. Baba na gona, Kaka ba ta da ƙarfin ɗaga ta, ni kuwa ko tulu ban iya ɗauka a cike ba. Sai Kaka ta zauna ta tufka igiya da rama, ta yi mata ƙulle-ƙulle inda hannu zai kama, Baba ya hau turmi ya ɗaure ta a azarar ɗaki, ta sauko daidai kan gadon Inna. In za ta tashi sai ta kama ƙullin ƙasa, ta cije leɓe, ta kai hannu na sama, azara na ƙara, ita tana fidda numfashi ta hanci. Ko ina tsakar gida na ji ƙarar nan na san Inna na son zuwa bayi. Haka aka yi ta yi har aka yanke dawa. Ba ta sake haihuwa ba, kuma har na girma ban taɓa jin ta ambaci yaron ba.

Da wannan na girma. In mata na hira aka ce wance an yi mata aiki, ni ƙarar azara nake ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na yi karatu, na zama malamar firamare, na yi aure a Gusau. Da na samu cikin fari ban taɓa fashin awo ba, har ƙawayena na yi mini tsiya wai na fi nas zuwa asibiti. Da cikin ya tsufa aka yi hoto, likitar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mabiyiya ta sauko ta tare ƙofar mahaifa. Ta ce ba za a jira naƙuda ba, don in ta taso jini zai ɓalle, kuma yana iya tafiya da ni da abin da ke cikina. Ta sa ranar aiki. Na ce to, na yi godiya, na fito. Kafin in kai bakin titi na riga na gama shawara cewa ba zan je ba. Da karatuna da komai, tsoro ya fi ƙarfina.

Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo aya da hadisi, ban motsa ba. Da ya ga ranar na matsowa sai ya tafi ya ɗauko Inna. Ta shigo da 'yar jakarta, ta sha ruwa, ta yi sallar la'asar, sannan ta dube ni.

"An ce kin ce ba ki zuwa."

"Inna, ai na ga yadda kika yi."

"Mi kig gani? Ke ƙarshen abin kig gani. Ba wuƙa tak kwantar da ni ba, ɗiyata. Naƙudar da niy yi ta kwana da kwana, da amalanke, da gulbi, su sunka cinye ni. Ko da anka kai ni ba sauran komi gare ni. Ni ɗaukata anka yi. Ke da ƙafarki za ki tafi, da jininki, da ƙarfinki."

Ta gyara mayafinta, ta kalli bango.

"Da ni anka sa ma rana, da yanzu kina da ƙane mai gemu."

Ranar na fara jin ta ambace shi. Na yi kuka sosai, ita ba ta yi ba, kuma ba ta ba ni haƙuri ba, sai da na gaji don kaina.

Abin da ya biyo baya sai ka ce shirin tafiya. Na yi kitson da zai daɗe, na wanke kayan jariri, na kai takardar hutu makaranta. Ƙannen maigidana suka je aka ɗibi jininsu aka ajiye. Surukata ta iso daga Tsafe da kaji da gero, tana tsokanata wai haihuwar 'yan boko, an sa mata rana awa biki, saura a kira makaɗa. Da safe na shiga asibiti da ƙafata. Allura aka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Ina jin ana taɓa ni ana ja, babu zafi, ina ta salati. Can sai na ji kuka. Aka kawo ta saitin fuskata, mace, aka goga kumatunta a nawa.

Kada ka ɗauka ina nufin abin wasa ne. Yanka yanka ne. Da allurar ta sake ni na san an taɓa ni. Washegari nas ta ce in sauko in taka, na ce mata ko ita ce uwata ba zan iya ba, ta yi dariya ta kama hannuna. Takun farko ji na yi kamar cikina zai zube ƙasa. Tari ya zama abokin gaba, dariya ma sai na danne mara da filo, ga surukata ba ta iya zama ba ta ba mutum dariya ba. Amma ɗinkin ƙarami ne, a kwance, can ƙasan mara, ya bushe lafiya. Jinin da aka tanada leda ɗaya kawai aka taɓa. Kafin suna ina gida, kuma duk zafin da na ji, ga wadda nake jin sa dominta tana shan nono.

Ranar da muka dawo gida Inna ta buɗe jakarta ta fiddo igiyar. Ban san ta ajiye ta ba duk shekarun nan. Ashe duk maganar da ta yi mini, ita ma a tsorace take. Ta ɗaga kai tana neman azara, babu, sai silin da fanka. Maigidana ya ce bari ya nemo kafinta ya buga ƙarfe. Suna cikin wannan shawara jaririyar ta tsala kuka daga ɗan gadonta. Na juya gefe kamar yadda nas ta koya mini, na dogara da gwiwar hannu, na sauke ƙafafu, na miƙe a hankali, na je na ɗauke ta.

Inna ta tsaya da igiya a hannu tana kallona. Ta fita baranda ta zauna, ta shiga kwance ƙulle-ƙullen nan da farce da haƙori. Duk suka kwance sai ɗaya. Ta ɗaure igiyar daga taga zuwa taga, ta wanke kayan jaririyar, ta shanya su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ko daga ƙauyenmu mata kan zo awo, wasu a sa musu rana, kuma har yau wasu na gudu kamar yadda na so in gudu. In an turo mini su ba na iya yi musu bayanin likita. Igiyar nake nuna musu, in gaya musu abin da Inna ta ce a ranar, lokacin da na fito da yarinyar a kafaɗa na same ta tana gyara wata 'yar riga a kan igiyar. Ba ta juyo ba, ta ce, "Wancan karo ba mu yi shanya ba."