Gayyar da ta cinye mini iri

Har in koma ga Allah ba zan manta da bazarar da na kira gayya a kan tubalin Nasara ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba. Gardi, wato dogarin Nasara, ya zo garinmu Guna ya raba aikin dole gida-gida, mu aka ɗora mana tubalin katangar bariki. Ya ce wanda bai gama nasa ba, kada a ga ƙafarsa a gona. Mu huɗu ne maza a gidan, na auna aikin na ga zai ci kwana ashirin da huɗu. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Ban yi karatu ba, amma na san in hannu ya ƙaru kwana raguwa yake. Abin da huɗu za su yi a ashirin da huɗu, goma sha biyu a takwas za su yi shi. Sai na kira dangi mutum takwas daga garin Dogo.

Uwargida ta tare ni a bakin rumbu. "Maigida, kowane hannu da bakinsa yake tafe. Hatsin da zai kai mu wata, da su kwana goma ne."

"Kwana takwas za su yi. Ke dai yi daka."

"To, Allah ya sa rijiya ma ta ji lissafin."

Ba ta ji ba. Rijiyarmu ɗaya ce, a ɗan ja ta ƙafe, sai a jira ta taru. Ƙarti zaune a gindin gawo suna jiran ruwan kwaɓi, ana dama musu fura. Wanda ka kira gayya kuwa ba ka ce masa ya rage loma. Kullum da safe in duba gabas, in leƙa rumbu. Hatsi kam bai saɓa ba, ranar goma ya ƙare, aiki da saura.

Uwargida ta ce, "Iri kaɗai ya rage."

In sallame su gardi ya hana ni gona, in riƙe su in je gona hannu wofi. Na ce, "Kwance shi."

Ranar goma sha biyar muka gama, bayan kwana biyu ruwa ya sauka. Irin da ya rage bai cika ƙwarya ba. Gefe ɗaya na shuka, sauran gonar ciyawa ta ci. Da ganyen tafasa da dusa muka fitar da shekarar.

Har yau in an ce yawan hannu na rage kwana ba na musu, gaskiya ne. Amma kafin in kira kowa, sai na leƙa rijiya, na kuma tambayi mai daka.