Da Hannuna Na Naɗe Zaren Da Ke Riƙe Mana Fili

A shekarun da nake son ba ku labarinsu, ni masaƙi ne a cikin garin Daura, magidanci mai iyali, kuma ni ne ƙaramin cikin manyan ƙungiyarmu ta masaƙa. Na yi boko har sakandare, shi ya sa duk abin da ya shafi magana da baƙi ko zuwa taro ni ake turawa. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana fasa mini kai. Ina ganin ni ne zan fitar da sana'ar kakanninmu daga kunya, domin a lokacin saƙa ta fara zama abin da yaro ke jin nauyin cewa ubansa na yi. Shadda da yadin kanti sun cika kasuwa, masu neman saƙi da gwado sai dattawa da masu hidimar biki. Ina roƙon Edita ya ba ni dama in amayar da abin da ke cikina. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya yi mini abin ya fi kowa sanin kansa.

Wanda bai san saƙarmu ba zai zaci rumfa kaɗai masaƙi ke buƙata. Masaƙi dai yana zaune a inuwa, amma zarensa miƙe yake a gabansa, da nisa, har inda aka ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, wato ɗan katakon da ake ɗora wa dutse, wanda ke matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Saboda haka saƙa ba ta yiwuwa sai da dogon fili. Namu filin yana bayan unguwa, kuma ba gadonmu ba ne. Wani attajiri ne tun zamanin kakanni ya ba masaƙa aronsa, da sharaɗi ɗaya da ya faɗa a gaban dattawa. Ya ce muddin akwai zare miƙe a kan ƙasar nan, ko 'ya'yansa ba su da ikon tayar da masaƙa, amma ranar da aka zo aka tarar babu zare ko ɗaya, fili ya koma gidansa. Magana ce ta baka, amma jikokinsa sun san ta, kuma suna mutunta ta. Shi ya sa ko ranar Sallah, ko ranar da muka yi rashi, ba a taɓa kwashe zare gaba ɗaya ba. Da damina kuwa, idan ruwa ya hana aiki, akan bar wani tsohon zare mai kauri, ruwa ya dake shi rana ta busar da shi. Muna yara muna yi wa wannan zare dariya, muna kiransa maigadi.

Ina da aboki, tare muka tashi, tare muka koyi saƙa a hannun baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne sarkin masaƙanmu. A gidanmu yake cin tuwo, kwano ɗaya muke sa hannu. Hannunsa ya fi nawa sauri wajen jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke ratsa saƙa da zare, wannan gaskiya ce, sai dai ba shi da haƙurin zama wuri ɗaya. Ya bar saƙa ya tafi Kano, ya shiga harkar gine-gine da dillancin filaye, Allah ya buɗa masa. Da ya dawo gida da mota da tumbi, bai yi mana girman kai ba ko kaɗan. Yakan zo rumfa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida Baffa, ya karɓi ƙoshiya daga hannuna ya ɗan jefa yana dariya, yana cewa hannu bai manta ba. Ya saya mana zare, ya gyara mana rufin rumfa da ke yoyo. Muka naɗa shi uban ƙungiya, kuma ni ne na kawo shawarar, har da yin jawabi a kan halaccinsa.

Wata rana ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni hanyar Baure, ya nuna mini wani sabon gini. Ya ce cibiya ce ya gina wa masaƙa, domin yaran zamani ba za su zauna a ƙasa cikin kashin awaki su koyi sana'a ba, amma in suka ga wuri mai tsabta za su zo. Ya ce ya gayyato wasu baƙi masu kishin sana'o'in gargajiya, za su zo bikin buɗewa su ga aikinmu, daga nan kasuwa ta buɗe. Na shiga na ga fenti, na ga siminti, na ga fanka a sama, na tsaya ina washe baki kamar gonar auduga. Abu ɗaya ya ɗan tsaya mini, ɗakin gajere ne, na tambaye shi ina kunkuru zai zauna. Ya ce filin da ke bayan ginin ma nasa ne, bayan biki za a share mana shi, ranar buɗewa dai kowa ya naɗe zarensa ya rage tsawo don baƙi su gani. Ban sake tambaya ba. Mutumin da kuka ci tuwo kwano ɗaya, ina za ka fara zarginsa?

Na kai wa Baffa maganar. Ya ce ya ji, Allah ya saka da alheri, za a je biki, amma zare ɗaya zai tsaya a fili kamar yadda aka saba. Abokina na wurin, shi ne ma ya fara cewa haka ne, ai shi ma ɗan rumfar nan ne, ya san sharaɗin fiye da kowa, wa zai yi wasa da maganar magabata. Lokacin rani ne, ba a shimfiɗa maigadi ba, sai aka yanke cewa nawa zaren ne zai tsaya, tunda ni aikina a ranar tarbar baƙi ne ba saƙa ba. Baffa ya dube ni ya ce ya bar mini amana. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, har ina jin haushi a raina cewa tsoho ya cika tsoro.

Ranar biki da safe motar kaya ta zo aka loda kayan saƙar kowa, dattawa suka yi gaba. Ya rage ni da abokina. Ya ja ni gefe ya ce akwai matsala. Wai shugaban baƙin ya ce yana son ya ga masaƙi mai sauran ƙarfi, wanda zai iya saƙa yana bayani, domin in tsofaffi kaɗai suka gani za su ce sana'ar ta riga ta mutu, ba za su sa hannu ba. Ya ce kuma duk cikin zaren da aka kai babu mai kyan nawa, don saƙi nake yi a lokacin, baƙi da fari. Na ce masa Baffa fa. Ya ce haba, rabin yini ne kawai, wa ma zai leƙo bayan unguwa da tsakar rana, kuma ya rantse da Allah kafin la'asar shi da kansa zai dawo da ni in shimfiɗa abina, ba wanda zai sani. Yabon ya shige ni. Na durƙusa na kwance zarena daga kunkuru na naɗe shi da hannuna. Duwatsun kunkuru kuwa ya ce a bar su, za su farfasa siminti, akwai bulo a can. Da mota ta tashi na waiwaya, na ga filin yadda ban taɓa ganinsa ba tun da aka haife ni, fayau, sai duwatsu a jere. Na so in ce a juya, sai na ce waswasin shaiɗan ne.

Bikin bai taka kara ya karya ba. Baƙin 'yan kaɗan ne, aka sha lemo, aka yi jawabai, aka yi ta ɗaukar hoto. Da Baffa ya hango ni zaune da zarena, sai ya ajiye ƙoshiyarsa. Bai tozarta ni a gaban mutane ba, ya dai aiko a tambaye ni zaren wa ke fili. Na aika masa cewa kada ya damu, yanzu za a mayar. Bai ƙara jefa ƙoshiya ba har aka tashi. Can na lura abokina ba ya wurin, tun bayan yanka ƙyalle ya sulale. La'asar ta yi, babu shi babu motar kaya, wayarsa a kashe. Na tare mana babura, Baffa a kan ɗaya, ni a kan ɗaya rungume da zarena. Tun daga bakin unguwa muka hango tulin bulo da yashi, leburori suna haƙa harsashin gini a daidai inda kunkurun Baffa ke zama.

A nan muka ji komai daga bakin ɗaya daga cikin jikokin attajirin, wanda muka tarar a wurin. Ashe abokina ya daɗe yana bin su su sayar masa da filin ya gina shaguna, suna ƙi, suna cewa ba za su karya maganar kakansu ba sai in masaƙa ne suka tashi don kansu. Sai ya ce musu mun sami sabon wuri mun ƙaura da murna, in ba su yarda ba su zo ranar kaza da shaidu su gani. Suka zo da tsakar rana, suka zagaya, babu ko silin zare, ya kuma nuna musu hotunanmu a waya muna dariya a sabon gini. A nan take aka ƙulla ciniki. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na ruga kamar mahaukaci ina warware zarena a ƙasa ina ihu cewa ga zare, ga zare. Baffa ne ya dafa kafaɗata ya ce in naɗe abina kada in ƙara mana abin kunya. Ya ce mutanen nan ba su zalunce mu ba, sharaɗin da aka yi da kakanninmu shi suka bi.

Mun kai kuka wurin manya, amma me za su yi? Maganar da muke dogaro da ita, ita ce ta kayar da mu. Da na sami abokina a gidansa, na zaci zai sunkuyar da kai. Wallahi ko a jikinsa. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in daina yaudarar kaina, saƙa ta mutu tun tuni, fili a cikin gari bai kamata ya zauna yana gadin zare ba. Ya ce in aka gama gini zai ba ni shago ɗaya in riƙe, ai ni ɗan'uwansa ne. Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai har yau. Filin bayan cibiya kuwa ashe ba nasa ba ne, ita kanta cibiyar ba a daɗe ba aka ce mu kwashe kayanmu, aka mayar da ita wurin ajiye siminti.

Ƙungiya ta watse. Wasu suka koma ƙauye wurin dangi inda akwai sarari, wasu suka kama acaɓa, yaran da muka fara koya wa suka gudu. Baffa bai sake saƙa ba. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya kawai ya nemi wani abu a wurina, ya ce in je in ɗauko masa dutsen kunkurunsa, wanda ya gada daga kakanmu, wani baƙin dutse da hannu ya goge har yana santsi. Na je na tambayi magina, suka ce ai duk duwatsun da suka tarar sun zuba su a harsashi. Na dawo na faɗa masa ina hawaye, ga ni ƙato da 'ya'ya. Ya ce to, ko ba komai shi dutsen bai yi ƙaura ba. Bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Abokin nawa ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa, ya zauna a sahun gaba, mutane suna sa masa albarka.

Ni ban bar saƙa ba. A lungun ƙofar gidana nake yi yanzu, duk babur ɗin da zai wuce sai na tashi na ɗaga masa zare. Malamai sun yi mini nasiha in yafe, ina ƙoƙari, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. Abin da na koya shi ne, baƙo ba zai taɓa iya yi mana wannan ba, domin baƙo bai san da maigadi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ina jan kunnen duk masu sana'ar gado, maƙera ne ko marina ko majema, da duk wanda ke zaune a kan amanar da aka bar masa da baki. Idan kuka ga tsofaffi sun nace a kan wani abu da kuke gani kamar wauta, ku tambayi dalili kafin ku yi dariya. Idan mai taimako ya ce sai kun saki abin da ke hannunku kafin ya taimake ku, ko da na rabin yini ne, ko da ya rantse, ko da nono ɗaya kuka sha, kada ku saki. Ni na saki, kuma ba ni kaɗai abin ya ci ba. Har yau in damina ta faɗi nakan shimfiɗa tsohon zare in bar shi a ƙofar gida, 'ya'yana suna tambayata me yake gadi.