Ranar da Baba Ya Yi wa Kuraye Tsawa Daga Sama

Wata safiyar Talata ce, a dogon hutun shekarar da na cika goma. Muna tsaye a wani fili a ƙasar Kenya, gari bai gama wayewa ba, ana ta hura wuta cikin wata ƙatuwar balan-balan. Warin gas ya cika mini hanci, ga sanyi, ga wani kwando ɗaure a jikinta da aka ce duk za mu shiga mu da Turawa goma, a matse kamar tumatir. Baba ya yi bisimilla, ya ɗaga ni ya saka a ciki.

Ni na jawo tafiyar. A makarantarmu ta Barking, can a London, da an fito wasa sai yara su kewaye ni suna tambaya ko zaki na shigowa gidan kakana, alhali ko biri ban taɓa gani ba sai a talabijin. Na addabi Baba sai ya kai ni in ga namun daji, ina wanke-wanke ina mita, ina fitar da shara ina mita, har wata rana ya ce wa Mama, "To, na yi booking ɗin tafiyar, kowa ya huta." Mama ta ce ita dai ba da ita ba hawa kwando. Baba ma'aikacin jinya ne, amma kiwo ya fara yi a ƙauyensu, can wajen Katsina. Ko ta tagar jirgin ƙasa ya hango shanu, sai ya nuna maka wadda ba ta da lafiya.

Da muka tashi sama na ga giwaye da raƙuman dawa, na ji daɗi ƙwarai. Can sai matuƙin ya yi ƙasa-ƙasa da mu, yana raɗa yana nuni. Kuraye ne huɗu suka ware wani ɗan maraƙin ɓauna daga uwarsa, ɗaya ta riga ta kama shi a cinya, jini na zuba, yana kuka. Turawan nan suka hau turereniya, kowa ya saita kyamara. Wata mata kusa da ni har lashe leɓe take yi, tana cewa mun yi sa'a.

Ban ankara ba sai na ji Baba ya kwarara ihu irin na makiyaya, "Kai! Kai! Ku tashi nan!" Ya cire hularsa yana dukan gefen kwandon da ita. Kurayen suka ɗaga kai, biyu suka ja da baya, iska kuma ta wuce da mu. Matuƙin ya yi wa Baba faɗa kamar ɗan firamare, wani Bature mai jan wuya ya ce an ɓata masa hoto. Ni kuwa, 'yar da Baba ya ɗauko tun daga London, na matsa gefe na ce masa da Turanci, yadda kowa zai ji, yana ba ni kunya. Ya mayar da hularsa kansa.

Da muka sauka, an shimfiɗa tebur a tsakiyar daji. Mutanen nan suka zauna suna yankar nama ja-ja-wur, suna kora giya, suna nuna wa juna hoton jinin da suka samu ɗauka. Na je bayan mota na amayar da shayin da na sha. Baba ne ya biyo ni da ruwa, ya wanke mini baki da hannunsa.

Yanzu na girma, kullum ina bin jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa aiki, kuma in na ga tallar balan-balan ɗin nan a tasha sai raina ya ɓaci. Na daɗe ina ƙyamar waɗancan mutanen kafin in yarda cewa gefensu na tsaya ranar. Baba ya tsufa, mantuwa ta fara kama shi. Bara na durƙusa a gabansa na nemi gafara. Ya dube ni ya ce sam bai tuna na faɗi wani abu ba, sannan ya tambaye ni, "Maraƙin nan fa, ya kai wurin uwarsa kuwa?" Na ce masa ya kai. Har yau ban sani ba.