Garken da Ba Shi da Tsoho

A unguwarmu Sa'alaba ba don sanyi ake hura wuta ba. Wane sanyi a Jidda? Iya, kakata ta wajen uba, saboda sana'arta take hura gawayi. Da an idar da sallar magariba za ta jawo murhunta tsakar gida, ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ta hau suyar gyaɗar da za ta ƙulla ta kai ƙofar makarantar unguwa da safe. Mu jikoki sai mu zagaye ta, gumi na tsiyaya, amma ba mai matsawa, don duk wadda ta ƙone tamu ce.

Mu biyu ne ba ma fashi, ni da Idi ɗan Goggona. Sa'o'in juna ne mu, ga shi taubasai, kullum cikin tsokana. Duk a nan aka yanke mana cibiya. Iya ce kaɗai ta san wata ƙasa. Daga Damagaram ta taso da ƙuruciyarta, da ƙafa, ta ratso Chadi da Sudan, ta tsallako teku, ta yi aikin Hajji, ba ta koma ba. Larabcinta na ciniki ne kawai. Mu kuma in ta yi mana magana da Hausa sai mu amsa da Larabci, abin da ke ƙona mata rai ke nan.

"Ban tako ƙasa uku da ƙafata don in zo in yi wa Larabawa tatsuniya ba," in ji ta. "Wanda bai amsa da Hausa ba ya tashi ya ba ni wuri."

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, da ƙafa ta zo kamar ni." Mu ce, "Ta shigo ta sha ruwa." In ta tsaya juya gyaɗa, Idi ya ƙosa, ya ce, "Yalla, Iya, yalla!" Ita kuma ta ɗaka masa mafici a ka.

"Kai Ango, da wannan gaggawar zan zauna da kai? Ga Maigida nan mai haƙuri, shi na zaɓa."

Ni ne Maigida.

Akwai wata tatsuniya da ba ta yin ta sai Hajji ta matso, lokacin da jiragen ruwa ke sauke raguna a tasha, manyan motoci na wucewa da su, warinsu ya cika unguwa. Babana a tashar yake aikin dako, har a rigarsa muke jin warin.

Wai wani ɗan rago ne aka sauke a baƙon gari, ya ɓace wa 'yan'uwansa. Ba uwa, ba dangi. Yana cikin yawo sai ya iske wani garke a ƙarƙashin rumfa, ga dusa, ga harawa, ga kanwa. Kowane rago ya yi ɓul-ɓul, da jan zare a wuyansa. Shugabansu wani bunsuru ne mai gemu da zaƙin baki.

"Maraba da ɗan'uwa!" in ji bunsuru. "Mu nan uwa ɗaya uba ɗaya muke. Yau ka zo, yau za mu naɗa ka Sarkin Ƙaho. Ka dai miƙo wuya a ɗaura zare, kuma abin da ka gani a nan ba a faɗar sa a waje."

In Iya ta zo nan sai ta turo haɓa tana karkaɗawa kamar mai gemu, mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Ɗan rago yunwa na cin sa, amma ya duba dama ya duba hagu, ya ga duk sa'o'insa ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsofaffinku?" Bunsuru ya ce an ƙara musu girma, sun yi gaba. Ya ce, "Ina gurgunku, ina mai tari?" Bunsuru ya ce su ba sa ciwo. Ya ce, "To, wa kuka taɓa binnewa?" Nan bunsuru ya murtuke fuska, ya ce ana zancen dusa wa ya kawo zancen kabari.

Ɗan rago ya sulale. A bayan gari ya sami wani garke a gindin ƙaya, duk ramammu: tsohuwar tunkiya ba haƙori, rago mai ƙaho ɗaya, wani na ta tari. Ba wanda ya yi rawar jiki a kansa. Suka tambaye shi ɗan wa ne, wa ya san shi. Sannan suka ce ya tsaya daga gefe, ga gurguwa nan, in za a rafi ya riƙa bin bayanta kada a bar ta. Haka ya shekara. Da Sallah ta wuce ya bi ta wajen rumfar nan, bai ga kowa ba sai bunsuru yana shara, jajayen zare zube a ƙasa, yana jiran sababbi.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "gyaɗa ta soyu." Ta ɗauko rariya ta tankaɗe yashi.

Gaskiya ba ta cikin waɗanda nake so, tunda ba dodo ba aljani. Idi kuwa haushi take ba shi.

"Wallahi ragon nan miskini ne! Shekara guda yana bin gurguwa?"

"Ango," in ji Iya, "garken da ba shi da tsoho, wani ne ke cinye su."

Muka girma. Na sami aiki a wani sito a unguwar Khumra ina tuƙa injin ɗaga kaya, Idi kuma yana garejin gyaran mota. Haihuwar Jidda ba ta mai da mu 'yan ƙasa ba. Iƙama muke riƙewa, takardar zama, kowa da kafilinsa, wato mutumin da zamanka ke hannunsa. In aka kama ka ba iƙama, sai ƙasar kakanninka, ko ba ka taɓa ganin ta ba. Kafilina mai wuyar sha'ani ne. Na Idi ya fi shi.

Su Baba suna da zumuntarsu ta tsofaffin 'yan dako. Kowace Juma'a bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Baba Ari, wani tela mai dogara sanda. Mu samari taron tari da goro muke ce musu. A nan kuwa zumunta irin tamu, ta gaskiya da ta ƙarya, babu mai ofis ko takardar da za ka ce a nuna maka. In ka ce wa Baba Ari kana son shiga, sai ya ce, "Madalla. An yi rasuwa a layin baya, je ka jera kujeru." Sai mutum ya daɗe yana jera kujerun zaman makoki da zuba gahawa kafin a ce masa bismilla, hau tabarma.

Wata rana Idi ya same ni a sito yana washe baki.

"Ɗan kawu, halas! Wahala ta ƙare."

Wai akwai wata ƙungiyar 'yan'uwa da ke taruwa duk Alhamis a wani gidan hutu da suka kama haya a bayan Khumra. Shekararta ashirin, in ji su, tana da rassa a Makka da Madina, tana da manya a sama. Duk wanda ya shiga za a mai da shi hannun kafili mai mutunci. Sharaɗi biyu ne: ka dafa Alƙur'ani ba za ka fitar da sirri ba, ko ga mahaifinka, sannan ka miƙa iƙamarka ga shugaba, wanda suke kira Ra'is, don a yi aikin canjin.

Na bi shi, kuma raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Ga shinkafa da nama faranti-faranti, ga fararen huluna iri ɗaya, ga wata gaisuwa da suke yi da hannu wadda sai ɗan ciki ya san ta. Ra'is ya rungume ni kamar ya shekara yana nemana. Ya ce a ranar zai ba ni Sarkin Samarin Khumra.

Abin da ya tsayar da ni ba wayo ba ne. Mu an hore mu, in ka shiga taro ka fara neman mai furfura ka durƙusa ka gaishe shi kafin ka zauna. Na shiga ina ta raba ido, ina neman wanda zan durƙusa wa. Babu. Ɗaki cike da mutane, duk sa'o'ina ne ko ƙannena, in ka cire Ra'is da gemunsa mai lalle. Sai na ji kamar ƙamshin gyaɗar Iya a hancina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda aka kafa ƙungiya da su fa? Ina so in gaishe su."

Ya ce, "Ai sun zama manya, ba sa samun zuwa irin wannan zama."

Na ce, "To wa ƙungiya ta taɓa yi wa sutura? Ko wace mai takaba kuka kai wa shinkafa? Garinmu ɗaya, zan san gidan."

Ya kalle ni, ya kalli jama'a, ya yi dariya.

"Wa ya kawo mana wannan? Yaro da kuɗin aurensa bai haɗu ba yana tambayar likkafani!"

Aka kwashe da dariya. Idi ya mintsine ni. Amma suna ko ɗaya Ra'is bai faɗa ba. Shekara ashirin a cikin 'yan dako da leburori, a ce ba wanda ya mutu, ba wanda kaya ya faɗo wa? Na wanke hannuna na fito, iƙamata na aljihuna.

A waje muka yi ta da Idi.

"Tatsuniyar Iya za ka kawo mini?" in ji shi. "'Ya'yana biyu, kafilin nan nawa ya hana ni sakat. Kai je ka bi gurguwa, ni na gaji."

Na ja shi har gaban Iya. Lokacin idanunta sun yi rauni, ta daina suya, amma kunnenta ras. Ta saurare mu, ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ango, ban hana ka ba. Ka dai ɗauki Baba Ari ya je ya gan su, ko ka faɗa masa sunan mutum ɗaya da ya sani a ciki."

Idi ya sunkuyar da kai. "Iya, na riga na rantse. Ba a faɗa."

Sai ta ce, "Har an ɗaura zaren ke nan." Ta saki hannunsa.

Kafin Hajji ta zagayo, gidan hutu ya koma hannun mai shi, Ra'is ko sama ko ƙasa. Muka ji an ce sayar da iƙamomin yake yi, a cire hoto a liƙa na wani. Idi kuwa ya riga ya bar gareji bisa alkawarin sabon kafili, tsohon kafilin ya kai rahoton cewa ya gudu. A hanya aka tare shi ana duba takardu. Bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi zuwa Nijar, mutumin da ko ƙirga kuɗi bai iya da Hausa ba.

'Yan tabarma ne suka tashi, alhali ko kujera ɗaya Idi bai taɓa jera musu ba. Baba Ari ya yi ta yawo da sandarsa, bai iya dawo da shi ba, amma ya samo wanda zai tarbe shi a Damagaram. Matarsa da yaransa kuma ba su kwana da yunwa ba har suka bi shi. Na ji kunyar sunan da muke kiran su da shi. Juma'ar da ta biyo na je na ce ina son shiga. Baba Ari ya ce madalla, akwai kujeru.

Shekarar da ta biyo Iya ta rasu. Tsofaffin nan suka zo da tarinsu da goronsu, suka tsaya a kan komai tun daga takardun asibiti har maƙabarta. Da na sami Idi a waya ya yi kuka, na yi. Hausarsa ta riga ta fi tawa. Ya ce, "Wa ya kama makara a madadina?"

Na ce, "Baba Ari."

"Da sandar?"

"Ya jingine ta a bangon masallaci."

A nan layin ya yanke.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta rago mai wayo ce da raguna wawaye. Yanzu da furfura ta fito mini ban ga haka ba. Idi ba wawa ba ne, matsuwa ce ta kai shi, kuma mai zaƙin baki matsattse yake nema. Abin da Iya ke nuna mana shi ne inda za mu duba. Hula da sarauta da rantsuwa kowa na iya haɗa su cikin mako guda. Tsoho ne ba a ƙirƙira. Sai an yi jinyar mutum, an jira shi a hanya, an ɗauki nauyinsa shekara da shekaru, kafin a same shi zaune yana tari a tabarma. Yau in saurayi ya zo yana yatsina fuska wai duk tsofaffi ne da marasa lafiya, nakan ce masa ya duba da kyau, su ne shaidarmu, ba mu da wata.

Duk shekara Idi yana aiko mini da gyaɗa ta hannun alhazai, daga garin da Iya ta baro da ƙafa. Ita ta zo ba ta koma ba, shi ya tafi bai dawo ba. Nakan sa a soya ta da yashi in kai tabarma ranar Juma'a. Masu haƙori su ci, marasa shi a daka musu.