Shinkafar da Aka Yanka Ɗanya

Gemu ya yi fari, gwiwa ta gaji, amma ban manta da ranar da na ɗauki oba-oba, rediyon sadarwarmu na soja, na ce hanya lafiya ba. Ku da kuka shiga soja kwanan nan ku saurara, don ba kullum nake iya ba da labarin nan ba.

A shekarun da ake wuni a layin kananzir a Kano, aka tura mu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta gaɓar teku da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. Ina sajan, da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina, muna tsaron wata gada. Ƙa'idar aikin ita ce, kafin motocin kayan agaji su wuce, sai sajan na gada ya gaya wa kyaftin ta oba-oba ko hanya lafiya. In ya ce lafiya, sai ya ba da soja biyu su yi rakiya. In ya ce babu, motoci su tsaya ko da mako guda ne.

'Yan tawayen yankin kashi biyu ne, muna kiransu mutanen Tudu da mutanen Kogi. Sun shekara suna kashe juna, sai rana ɗaya aka ce sun ƙulla ƙawance za su haɗu su yaƙi gwamnati. A gabana, a gindin gadar nan, kwamandojinsu biyu suka zauna suka sa hannu a kwano ɗaya. Ni kuwa ɗan Zakirai ne. A wurinmu in ka ci tuwo a akushi ɗaya da mutum, ko rigimar iyakar gona ce tsakaninku ta mutu ke nan. Sai na ɗauki al'adar gidanmu na ɗora wa mutanen da ko gaisuwarsu ban iya ba.

Cikin yarana akwai Kofur Sale, ɗan wani ƙauye gabas da garinmu. Kaki ne kawai a jikinsa, amma manomi ne har ƙashi. Muna sintiri sai ka ga ya duƙa ya damƙi ƙasa yana murzawa, shi ya sa muke tsokanarsa da Sarkin Noma.

Ranar wata Alhamis da hantsi, motoci uku na jiran izini, ya same ni.

"Oga Sajan, ka ga abin da matan Kogi ke yi a fadama?"

"Girbi suke. Laifi ne?"

"Shinkafar ba ta ƙosa ba, saura mako biyu. Na murza, ruwa ne a ciki. Wallahi manomi ba ya yanka ɗanya sai ya san ba zai kai lokacinta a gari ba. Mazansu sun gaya musu wani abu."

Na ce, "Sarkin Noma, mu soja ne ko malaman gona? Da idona na ga manyansu sun ci kwano ɗaya."

"Ba manyan ne suka yi shukar ba, Oga."

Na yi dariya. Ana haka kyaftin ya kira ya ce, "Sajan Habu, yaya hanya?" Na ce, "Lafiya lau, Yallaɓai." Maganar shinkafa kuwa na haɗiye ta, don kunya nake ji hafsa ya ji sajan guda yana kawo masa rahoton gona. Abin da ya fi ci mini rai, ni na zaɓi Sale cikin 'yan rakiya. Har na ce masa ya duba mana gonakin gaba.

Kafin azahar muka ji harbi daga bayan tsauni. Daga baya muka gane ƙawancen ya mutu tun kwana uku kafin ranar, a kan wa zai riƙe hanyar. Mutanen Kogi sun shirya su riga kai hari, shi ne suka sa matansu kwashe abin da zai kwasu. Motocinmu suka faɗa tsakiya. Direbobi biyu suka rasu, da Sale. A can muka yi masa sutura.

Da muka dawo gida na kai wa mahaifinsa, Malam Idi, jakarsa. A gona na same shi yana ɗaurin dawa. Ya karɓa, ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Abu ɗaya ke damuna, ɗana. Yaron nan tun yana ƙarami yake gane ruwa kafin hadari ya haɗu. Shi bai ga wata alama ba?"

Na ce, "Ya gani, Baba. Ya gaya mini."

Tsohon ya dube ni. Sai ya sunkuya ya ci gaba da ɗaurinsa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Don haka in an tura ku, kada hannun manya a kwano ya ruɗe ku. Ƙawancen masu bindiga na yini ɗaya ne, talakan da ke ƙarƙashinsu shi ke fara sanin ranar mutuwarsa. Ku dubi gona. In kuma ƙaraminku ya zo da magana, ku isar da ita sama ko za a yi muku dariya. Dariyar da na guje wa ta minti ɗaya ce, ga shi har yau in na bi ta gonar Malam Idi sai na sauka daga keke na tura, kaina a ƙasa.